Sikelin Learned Hand: abin da ake aunawa da abin da ba a aunawa

A shekarar da nake karatun digiri na biyu a fannin shari'a, malamin da ke koyar da mu dokar diyya ya ɗora wa kowa aiki iri ɗaya. Ka zaɓi alƙali guda daga wata ƙasa, ka karanta hukunce-hukuncensa yadda ya rubuta su da hannunsa, ban da taƙaitawar da ke cikin littattafan ɗalibai, sannan ka dawo ka faɗa wa aji yadda tunaninsa ke tafiya. Yawancin abokan karatuna Ingila suka nufa, kuma suna da hujja, domin dokar sakaci da muke aiki da ita a Najeriya can aka gado ta. Hukuncin kotun Amurka kuwa ba ya ɗaure alƙalinmu, iyakarsa a kawo masa shi ya duba in ya ga dama. Ni Malam ne ya zaɓa mini. Ya ce, "Na ga kana son lissafi. Je ka karanta Learned Hand, amma ka kai har 1950, kada ka tsaya inda kowa ke tsayawa."

An haifi Hand a Albany, babban birnin jihar New York, a 1872, a gidan lauyoyi. Mahaifinsa ya rasu lokacin Hand yana ɗan shekara 14. A jami'ar Harvard falsafa ya fara karantawa, a hannun irin su William James da George Santayana, kafin ya koma shari'a ya kammala a 1896. Aikin lauya bai karɓe shi ba. Ya yi fiye da shekara goma yana fama, a Albany sannan a birnin New York, bai yi suna ba. A 1909 Shugaba Taft ya naɗa shi alƙalin kotun tarayya ta matakin farko a Manhattan, yana da shekara 37. A 1924 Shugaba Coolidge ya ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta biyu, wadda ke sauraren ƙararrakin jihohin New York da Connecticut da Vermont. Ya jagoranci kotun daga 1939 zuwa 1951, ya ci gaba da zama a kan shari'u har ya rasu a 1961. Shekara 52 a kan kujera, hukunci kusan 4,000. Kotun Ƙoli kuwa bai taɓa shigarta ba. A ƙarshen 1942 da gurbi ya samu, manyan mutane sun yi ta kai sunansa ga Shugaba Roosevelt, shi kuma ya ce ɗan shekara 70 ya tsufa, ya ba Wiley Rutledge. Rutledge ya rasu a 1949 ya bar Hand yana ta aiki.

Hukuncin da na fara da shi na 1932 ne, sunan wani jirgin ruwa ya ci, T.J. Hooper. A watan Maris na 1928 wasu jiragen ja guda biyu, Hooper da Montrose, suka taso daga Norfolk a jihar Virginia janye da jiragen dako marasa inji, maƙare da kwal, za su New York. A gaɓar New Jersey guguwa ta riske su, jiragen dako biyu suka nutse da kayansu. Masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi ta rediyo tun kafin nan, wasu matuƙan da suka ji sun ratse sun fake a mashigin Delaware. Waɗannan biyun ba su ji ba, don rediyon da ke cikinsu ba ya aiki. Masu jiragen suka ce ai babu dokar da ta tilasta wa jirgin ja ɗaukar rediyo, kuma ba al'adar sana'ar ba ce kamfani ya saya, matuƙin da ke da shi nasa ne ya shigo da abinsa. Hand ya yarda cewa al'adar ba ta kafu ba, amma duk da haka ya ɗora musu alhaki. Ya ce sau da yawa abin da masu sana'a suka saba yi shi ne abin da mai hankali zai yi, sai dai sabo ba ya zama ma'auni. Sana'a gaba ɗayanta tana iya yin nawa wajen karɓar sabon abin kariya mai araha, kuma akwai matakan da ko duniya duka ta yi watsi da su, hakan bai zama uzuri ga kowa ba. A ƙarshe kotu ce ke faɗin abin da ya wajaba.

Duk wanda ya taɓa bin shari'ar sakaci a ƙasar nan ya san maganar da ake fara jefa masa: haka kowa ke yi. Ina karanta hukuncin nan ina tuna kwale-kwalen da ke kifewa a Kebbi da Neja da Kwara duk damina, har da na yankin Patigi a watan Yunin 2023 da ya ci rayuka fiye da 100 na mutanen da suka taso daga biki. Lodin da ya wuce ƙima, tafiyar dare, rashin rigar da ke hana nutsewa, duk sabo ne a bakin kogi, kuma sabon ne ke kashe mutane. Malaman fiƙihu ma da suka ce al'ada abar hukunci ce, sun gindaya mata iyaka, ba ta tsallake ƙa'idar da ta hana cuta da cutarwa.

Hukuncin da kowa ke tsayawa a kansa shi ne na Carroll Towing, 1947. Labarinsa ya cancanci a ba shi dalla-dalla, domin a cikin labarin darasin yake. Ranar 4 ga Janairu 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, tashar jiragen ruwa ta New York ta cika ta batse. Wani jirgin dako mai suna Anna C, ɗauke da fulawa ta gwamnatin Amurka, yana ɗaure a jere da wasu jirage a ƙarshen wata matsaya. Jirgin ja mai suna Carroll ya zo fitar da wani jirgi daga matsayar da ke maƙwabtaka, ma'aikata suka kwance wata igiya, suka sake gyara ɗaurin sauran, amma gyaran bai yi ba. Jerin jiragen ya kwance, iska da igiyar ruwa suka kwashe su, Anna C ta bugi wani jirgin dakon mai, farfelarsa ta huda ta daga ƙasa. Hudar tana ƙarƙashin ruwa, babu mai ganinta daga waje. Ruwa ya yi ta shiga a hankali har ta karkace, ta zubar da fulawar, ta nutse. Akwai jirage a kusa masu famfon zuƙe ruwa da za su iya ceto ta, da an samu wanda ya leƙa ciki ya yi ihu. Mutumin da aka ɗauka don ya zauna a cikinta ya fita tun ƙarfe biyar na yammacin jiya, kuma har ƙarfe biyu na rana da abin ya faru bai dawo ba. Awa 21 ke nan. Uzurin da ya kawo, kotu ta ce ƙirƙirarsa ya yi.

Tambayar ita ce, mai jirgin yana da nasa kason laifin saboda mai gadinsa ba ya nan? Hand ya bi tsofaffin hukunce-hukunce ya tarar wasu sun ce e, wasu sun ce a'a. Sai ya ce ba za a taɓa samun doka guda da ta dace da ko'ina ba, abubuwa uku ne ake dubawa: yiwuwar abin ya faru, girman ɓarnar in ya faru, da nauyin da ke cikin yin rigakafi. Ya ba su haruffa, P da L da B, ya ce in nauyin rigakafin bai kai girman ɓarnar da aka ninka da yiwuwarta ba, to wanda ya ƙi yin rigakafin ya yi sakaci. Wannan layin ɗalibai ke haddacewa. Abin da ba su cika karantawa ba shi ne sakin layin da ke biye. Hand ya ce jirgin bai kamata ya zama kurkukun mai gadi ba ko da a ciki yake kwana, dole wani lokaci ya sauka. Bai ce dole a samu mutum a ciki dare da rana ba. Abin da ya yanke ɗan kaɗan ne: a gajeren yinin Janairu, lokacin aiki da rana, a tashar da ake ta jan jirage ana turawa saboda yaƙi, ya kamata a ce yana ciki sai da uzuri. Ya kuma raba asarar gida biyu. Ɓarnar karon kanta mai gadi ba zai iya hana ta ba, don haka mai jirgin ya karɓi diyyarta cikakkiya. Ɓarnar nutsewar kuwa da yana nan da an tare ta, don haka aka zabtare masa kashi ɗaya cikin uku.

Da na koma kan shari'un Ingila da muke kafa hujja da su a kotunanmu, sai na ga haruffan nan uku a warwatse. Shari'ar Bolton da Stone ta 1951, inda ƙwallon kurket ta tsallake shinge ta bugi wata mata a titi, magana ce ta ƙarancin yiwuwa. Ta Paris da hukumar Stepney, ita ma 1951, inda makaniki mai ido ɗaya ya rasa na biyun don ba a ba shi tabarau na kariya ba, magana ce ta girman asara. Ta Latimer a 1953, inda ruwa ya malale daɓen masana'anta aka barbaɗa garin katako maimakon a rufe ta gaba ɗaya, magana ce ta nauyin rigakafi. Hand ya tara abubuwan nan uku wuri guda ne kawai, kuma tarawar tana da amfani ƙwarai in ana gaban mutumin da bai san doka ba.

Na ga haka da idona bayan na fara aiki. Wani attajiri yana gini a wata unguwa, leburorinsa sun haƙa rami mai zurfi na tara ruwan kwaɓa siminti a gefen hanyar da yara ke bi zuwa Islamiyya. Damina ta cika shi, ciyawa ta rufe bakinsa. Wani yaro ya faɗa ciki da yamma, Allah ya sa masu wucewa suka ciro shi, amma ƙashin cinyarsa ya karye. Mahaifinsa ɗan dako ne, ba shi da kuɗin bin kotu, sai muka fara da zaman sulhu a zauren mai unguwa. Mai ginin ya ce mini, "Barista, duk garin nan wa ka ga ya kewaye ramin gini? Ƙaddara ce ta faɗa wa yaron." Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙaddara gaskiya ce. Amma yara nawa ke bin hanyar nan safe da yamma?" Mai unguwa ya amsa da kansa, ya ce duk yaran layi uku nan suke bi. Na ce, "Da babu masu wucewa a lokacin, me za a ciro daga ramin?" Kowa ya yi shiru. Sannan na tambayi shugaban leburorin abin da kewaye ramin zai ci. Ya sunkuyar da kai ya ce akwai tsofaffin langa-langa jingine a bayan ginin, aikin awa ɗaya ne. Ban ambaci sunan wani alƙali ba, ban kuma ce P ko L ba. Alhajin ya ɗauki kuɗin asibiti da na jinya, kafin magariba an kewaye ramin.

Sai dai sikelin nan ba na'urar lissafi ba ce, kuma Hand ne ya fara faɗin haka. A wani hukunci na 1949, Moisan da Loftus, ya ce ƙoƙarin sa wa waɗannan abubuwa lambobi yaudarar kai ce, amfaninsu kawai su nuna wa alƙali inda nauyin shari'ar ya fi karkata. Daga baya masana tattalin arziki, musamman Richard Posner a wata maƙala ta 1972, kafin shi ma ya zama alƙalin ɗaukaka ƙara, suka ɗauki haruffan suka gina makaranta guda a kansu. Akwai basira a aikinsu, amma ni ina jin tsoron inda yake kai kamfanin da ya zauna ya lissafa cewa biyan diyyar mutum goma ya fi gyaran na'ura araha. Fulawa tana da farashi a takarda. Cinyar yaro ba ta da shi.

Yadda Hand ke aiki ma darasi ne. A kotunsa alƙalai uku ke zama a kan kowace ƙara, kuma bayan sun saurari lauyoyi ba sa tattaunawa nan take. Kowa zai koma ofishinsa ya rubuta takardar ra'ayinsa shi kaɗai ya aika wa sauran, sai bayan kwanaki su haɗu. Ta haka babu wanda ke fakewa a bayan babba ya ce na bi. Hukuncinsa da alƙalami yake rubutawa, ya soke, ya sake, sau uku ko huɗu. Matasan lauyoyin da ke taimaka masa, cikinsu har da Archibald Cox da Ronald Dworkin da Gerald Gunther, ba sa rubuta masa ko layi ɗaya. Aikinsu su zauna su yi masa gardama, su nemo inda hujjarsa ta yi rauni. Mutum ne mai yawan shakkar kansa, kuma wannan shakkar ce ke sa shi komawa kan fayil yana tono. A jawabin da ya yi a dandalin Central Park ranar 21 ga Mayu 1944, gaban dubban sababbin 'yan ƙasa da suka zo yin rantsuwa, ya ce ruhin 'yanci shi ne wanda bai cika sakankancewa cewa shi ke da gaskiya ba. Wanda ya karanta wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musal Ash'ari, inda ya ce kada hukuncin da ka yanke jiya ya hana ka komawa ga gaskiya in ka gano ta yau, ba zai ji maganar baƙuwa ba. Amma Hand yana da aibin da bai kamata a ɓoye ba. A zauren kotu yana da zafin rai, yakan daka wa lauya tsawa, wani lokaci ya juya kujerarsa ya ba shi baya. Hadisi ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali mai faɗa ya san yadda hujja mai kyau ke mutuwa a bakin lauyan da aka razana.

Yanzu sai in koma baya zuwa 1917, lokacin yana ƙaramin alƙali. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Afrilu, a watan Yuni majalisa ta yi dokar leƙen asiri, wadda ta ba gidan waya ikon ƙin ɗaukar duk rubutun da ke kawo cikas ga ɗaukar soja. Shugaban gidan waya na New York, Thomas Patten, ya hana aika fitowar watan Agusta ta wata mujallar 'yan gurguzu mai suna The Masses, saboda wasu zane-zane da rubuce-rubuce da ke sukar yaƙin suna yabon waɗanda suka ƙi shiga soja. Mujallar ta kai ƙara, ƙarar ta faɗo hannun Hand. A lokacin ana maganar ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara, ƙasa kuma ta ɗauki zafin yaƙi, kuma ya rubuta wa matarsa cewa ya san abin da hukuncin zai iya jawo masa. A watan Yuli ya yanke wa mujallar gaskiya. Ya ce a duba kalmomin kansu. In sun umarci mutane kai tsaye su karya doka, doka ta hau kansu. In kuwa suka ce kawai, komai zafinta, ko yabon wanda ya bijire, to ba laifi ba ne, ko da wani zai karanta ransa ya ɓaci da gwamnati. Domin in aka ce duk maganar da za ta iya sanyaya wa mutane gwiwa laifi ce, to babu sauran sukar da za ta tsira, a ƙasar da ra'ayin jama'a ne tushen mulki.

Ko aiki da umarnin da ya ba gidan waya ba a fara ba aka dakatar da shi, a watan Nuwamba kotun sama ta soke shi, mujallar ta mutu kafin ƙarshen shekarar. Kujerar da ake masa hange aka ba Martin Manton a 1918. Wannan Manton shi ne ya sauka a 1939 aka ɗaure shi shekara biyu saboda cin hanci, kuma saukarsa ce ta sa Hand ya zama jagoran kotun. A wasiƙun da Hand ya yi ta musaya da Farfesa Zechariah Chafee bayan yaƙin, ya bayyana abin da ya sa bai gamsu da ma'aunin Mai Shari'a Holmes na Kotun Ƙoli ba, wanda ya ce ana hukunta magana ne in tana ɗauke da haɗari bayyananne kuma na kusa. Ya ce ma'aunin da ya dogara ga kintacen abin da magana za ta haifar yana narkewa a lokacin firgici, don alƙalai ma mutane ne, guguwar jama'a tana kwasarsu. Shi ya fi son iyaka mai tauri wadda ke da wuyar kewayewa. Sai a 1969, a shari'ar Brandenburg, Kotun Ƙoli ta dawo kusa da inda ya tsaya, shekara takwas bayan rasuwarsa.

Ga 1950 ɗin da aka ce in kai. An gurfanar da shugabannin jam'iyyar kwaminis ta Amurka su 11 a ƙarƙashin dokar Smith ta 1940, bisa haɗa baki don koyarwa da yin kira ga kifar da gwamnati da ƙarfi. Shari'ar ta ɗauki wata tara a 1949 gaban Alƙali Harold Medina. Ba a tuhume su da tara makamai ko kai hari ba, yawancin hujjar littattafan Marx da Lenin da Stalin ne da abin da ake koyarwa a tarukansu. Aka ɗaure goma shekara biyar-biyar, ɗaya shekara uku. Suka ɗaukaka ƙara, kuma a farkon Agusta 1950, makonni kaɗan da ɓarkewar yaƙin Koriya, Hand ya tabbatar da hukuncin. Wannan ita ce shari'ar Dennis. Ma'aunin da ya kafa shi ne, kotu ta tambaya ko girman sharrin da ake tsoro, bayan an rage shi gwargwadon nisan yiwuwarsa, ya kai a tauye magana don kauce masa. Kotun Ƙoli ta ɗauki wannan jimla sukutum a 1951, alƙalai shida suka tabbatar da hukuncin, Black da Douglas suka ƙi.

Ina karantawa na gane ta. Sikelin jirgin fulawa ne aka ɗauko aka ɗora wa bakin mutane. Kuma a nan yake lalacewa. A tashar jiragen ruwa ana iya ƙirga jiragen da ke kai da kawo, ana iya buɗe takarda a ga kuɗin fulawa. Amma in asarar da aka ɗora a sikeli ita ce rushewar ƙasa, to nauyinta ba shi da iyaka, kuma ko yiwuwarta ta kai ƙanƙantar ƙwayar gero, lissafin zai ce a rufe bakin mai magana. Ɗaya ɓangaren kuma, wato abin da ake asara in an hana magana, kullum yakan yi sauƙi a idon mai awo, domin waɗanda ake rufe wa baki mutane ne da jama'a ta riga ta tsana. Mai awon da hannunsa ke rawa don tsoro, ba ya sanin lokacin da yatsansa ya danna gefe ɗaya. Abin da Hand na 1917 ya hango ke nan, kuma shi ne ya sami Hand na 1950.

Akwai abin faɗa don kare shi, kuma adalci ne a faɗa. Alƙalin ɗaukaka ƙara ba shi da ikon watsar da ma'aunin Kotun Ƙoli ya dawo da nasa da aka soke shekara 33 baya. A wasiƙunsa ya ce da shi ke da iko da bai gurfanar da mutanen ba, kuma ya fito fili ya soki farautar 'yan gurguzu ta zamanin Sanata McCarthy. Duk na yarda. Amma ma'aunin Holmes ya ce haɗarin ya kasance na kusa, Hand kuwa ya narkar da kusancin a cikin lissafi, kuma ba a tilasta masa yin hakan ba. Ina ganin shakkar kansa ce ta juye masa a nan. Mutumin da kullum yake cewa wa ya sani ko ni ne ban gane ba, yana iya kai wa inda zai sakar wa majalisa da gwamnati komai. A laccocin da ya gabatar a Harvard a 1958 ya kai ga nuna shakku kan hurumin Kotun Ƙoli a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantun baƙaƙe da na farare, alhali shi kansa ba mai son wariya ba ne. A nan na rabu da shi, kuma har yau ban ga abin da zai mayar da ni ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin sashe na 39 na tsarin mulkinmu na 1999 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 45 kuma ya buɗe ƙofar tauye shi saboda tsaro da zaman lafiya. Sikeli ne shi ma, kuma kalmar tsaron ƙasa tana da nauyin da ke rinjayar duk abin da aka ɗora a ɗaya gefen. Shi ya sa duk fayil ɗin da ya zo teburina yanzu, kafin in fara auna komai nakan tambayi kaina ko wannan abin awo ne, ko kuwa iyaka ce da aka shata tun lokacin kwanciyar hankali don kada a taɓa ta ranar tashin hankali. Ramin gini da igiyar jirgi abin awo ne. Kama mutum ba bisa ƙa'ida ba, ko hukunta shi da hujjar da bai gani ba, iyaka ce.

Hand ɗin ma ya nuna ya san haka, wata huɗu kacal bayan Dennis. Judith Coplon ma'aikaciyar ma'aikatar shari'a ce. Jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka, sun kama ta a New York a watan Maris 1949 tare da Valentin Gubitchev, ɗan Tarayyar Sobiyet da ke aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya, da takardun aiki a jakarta. Kotu ta ɗaure ta shekara 15. A lokacin babu wanda jama'ar Amurka suka tsana kamar ɗan leƙen asirin Rasha. A watan Disamba 1950 Hand ya rubuta a fili cewa laifinta a bayyane yake, sannan ya soke hukuncin. Dalili na farko, an kama ta babu takardar izini, alhali dokar lokacin ta yarda da haka ne kawai in ana tsoron mutum zai tsere kafin a samo takardar, su kuwa jami'an sun daɗe suna bin sawunta, suna da isasshen lokaci. Na biyu, an yi satar sauraren wayarta, kuma nauyi yana kan gwamnati ta nuna cewa hujjojinta ba daga nan suka fito ba. Alƙalin farko ya duba wasu daga cikin bayanan shi kaɗai a ɓoye, ya hana lauyoyinta gani da sunan tsaron ƙasa. Hand ya ce gwamnati ta zaɓa, ko ta buɗe abin da take dogara da shi wanda ake tuhuma ya gani ya kare kansa, ko ta riƙe sirrinta ta haƙura da hukuncin. Bai ɗora girman sharrin leƙen asiri a kan wani sikeli ba. Wasiƙun zagi suka yi ta zuwa ofishinsa, majalisa kuma ta gaggauta sauya dokar kamun don ta faɗaɗa ikon FBI. Bai kori tuhumar ba, ya bar wa gwamnati damar sake shari'ar ta hanyar da ta dace. Gwamnati ba ta sake gurfanar da ita ba. Tuhumar ta zauna a rataye har 1967, sannan aka janye ta.